Igiya Huɗu Ko Biyar

Legas, 14 ga Yuni

Zuwa ga Baffa Sammani, Makoda.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar girma, ina fatan kana lafiya, da Inna Jumma da Sa'ida matar Uwais da kowa na gida. An ce shuka ta tsaya a wajenku, Allah ya sa albarka.

Na san kunnenka ba ya ɗaukar maganar waya, shi ya sa na rubuta na tura wa Sabiru mai kemis ya buga maka a takarda. Kada hankalinka ya tashi. Uwais yana asibiti, amma yana ci yana sha yana hira. Kafaɗarsa ta dama ce ta goce, an mayar, haƙarƙarinsa biyu sun tsage.

Tunda ba ka taɓa yarda mun yi maka bayanin aikinmu ba, dole yau in yi. A bakin teku muke koya wa baƙi wani wasa. Mutum yana tsayawa a kan allo bisa ruwa, wata babbar lema tana can sama, iska na buga ta tana jan sa. Tsakaninsa da lemar akwai dogayen igiyoyi sirara, a ɗaure jikin wata gajeriyar sanda da yake juyawa da hannu. Sandar kuma a maƙale take da ɗamarar da ke ƙugunsa. Sandunanmu iri biyu ne, akwai mai igiya huɗu, akwai mai biyar. Ni na ba Uwais shawarar mai huɗu tun farkon zuwansa, da ita kuma ya fita ranar.

Ranar Asabar da hantsi iska ta sauya, lemarsa ta faɗa cikin igiyar ruwa, igiya ɗaya ta naɗe bakin sandar. Sai lemar ta tashi tana juyi tana jan sa wajen duwatsu. Na shiga ruwa na cim masa, ni na yanke masa igiyoyin. Daga nan muka ɗauke shi zuwa asibiti.

Ya ce da ni, "Yaya Shafi'i, kada ka gaya wa Baba sai na warke." Na ce ba zan iya ba. A yi masa addu'a.

Ɗanka,
Shafi'i Ado

Makoda, 19 ga Yuni

Shafi'i,

Wa alaikumus salam. Muna nan yadda takardarka ta bar mu. Jumma ba ta ci abin kirki ba tun ranar da na karanta mata, Sa'ida kuma ga ciki wata shida, tun zuwansa ganin gida na ƙarshe.

Sau huɗu na karanta, ko idona ne ya yaudare ni. Ka rubuta da hannunka cewa yaro yana cikin ruwa, ransa a rataye jikin igiya, kai kuma ka sa wuƙa ka yanke. Shekara talatin da ɗaya na yi ina haƙar rijiya daga nan har Tsanyawa. Na sauke mutane gaba ashirin cikin ƙasa, na fito da su. Na ga ƙasa ta rufta, na ga igiya ta ci tafin hannuna har ƙashi. Ban taɓa jin wanda ya yanke wa ɗan'uwansa igiya ya zo yana ba da labari kamar ya yi abin yabo ba.

Na biyu. Kana da mai biyar a ajiye, ka ba ɗana mai huɗu. Ko wanda bai taɓa ganin rijiya ba ya san biyar ta fi huɗu riƙo. Wa kuka ajiye wa mai biyar ɗin? Baƙinku masu takalmi? Shi ɗan ƙauye ne, ko ya mutu ba a rasa kowa ba?

Ka zo bikin 'yata Hafsatu shekara biyu da suka wuce da baƙin tabarau, kana nuna wa samari hotunan ruwa a waya. Kafin a kwashe rumfar biki ka ɗauke min namiji ɗaya tilo da Allah ya bar min. Bana ni da maƙwabcina Hashimu muka yi huɗa, ni da nake fama da gwiwa. Ban ce komai ba, saboda ubanka ɗan kawuna ne, tare muka tashi. Yanzu zan ce. Da zarar ya iya zama a mota, ka sako min shi. Kada ka biyo shi.

Sammani

Legas, 22 ga Yuni

Baffa,

Ina gaisuwa. Uwais ya fito daga asibiti jiya, hannunsa a saƙale da ƙyalle. Yana gaida Inna da Sa'ida.

Na karanta takardarka a tsaye, har yanzu ban zauna ba. A rijiya igiya ce take riƙe da ran mutum. A nan ita ce take jan sa zuwa ajalinsa. Lemar da iska ta haukata tana iya jan ƙaramar mota. Saura taku goma sha biyar kansa ya daki dutse lokacin da na riske shi. Kowannenmu yana yawo da 'yar wuƙa a ɗamara saboda irin wannan ranar. Da ban yanke ba, da ba takarda Sabiru zai kawo maka ba.

Maganar huɗu da biyar kuma, ba yawansu ne ke riƙe mutum ba. Kowace ɗaya a cikinsu za ta ɗaga sa. Ta biyar ɗin ba ta ɗaukar nauyi, aikinta shi ne idan mutum ya saki lema ta kwantar da ita ruf a kan ruwa. Amma a tekunmu mai tashin igiyar ruwa, idan lema ta kife, ta biyar ɗin nan takan naɗe ta ta tsaga ta biyu, ko ta harɗe ƙafar mutum. Ni kaina mai huɗu nake hawa shekara shida. Abin da na zaɓar wa kaina na zaɓar masa. Kuma kowace sanda tana da wata jar sakata a gaban cibiya, wadda in mutum ya tura ta sai ya rabu da ƙarfin lema. Babu abin da aka rage wa ɗanka.

Ban ɗauke shi ba. Shi ya biyo ni tasha da jakarsa, ya ce ya gaji da gonar da aka raba har ta koma tabarma, da uban da ba ya tambayar ra'ayinsa ko a kan irin da za a shuka. Shekararsa ashirin da bakwai.

Tunda ka kawo maganar rijiya, ni ma ina da tawa. Ina shekara tara aka shigo da babana a makara daga wata rijiya a Tsanyawa. Kai kake riƙe da igiyarsa. Ba ka yanke ba, gaskiya ne. Me riƙon ya amfana masa? Shekara ashirin da huɗu ban tambaye ka ba, kai ma ba ka taɓa zaunar da ni ka faɗa min ba. Ba kai ne za ka koya min yadda ake tsare ran ɗan'uwa ba.

Shafi'i

Legas, 27 ga Yuli

Baffa,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan lafiya ce. Mako biyar ke nan ba amsa. Idan fushi ne, ni ka yi da shi, ban janye ko kalma ɗaya ba. Amma ɗanka kullum sai ya tambaye ni ko takarda ta zo.

An cire masa ƙyalle, yana ɗaga hannu har saman kai. Likita ya ce nan da wata ɗaya zai iya komawa ruwa. Matar da ke da makarantar wasan da muke wa aiki ta ce za ta sayo masa sabuwar sanda tasa ta kansa, ya zaɓa, mai huɗu ko mai biyar, lemarsa tana karɓar kowace. Na ce ya ɗauki mai huɗu. Ya ce, "Sai na ji ta bakin Baba. Na fito ba da izininsa ba, ba zan koma ruwa haka ba."

Na ce da shi, mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi na kududdufi faɗi ba, shi zai zaɓa maka? Ya ce in daina faɗin haka a gabansa. Gida kuwa ya ce ba zai dawo da zama ba, ko ka amsa ko ka ƙi. To ga shi nan a zaune, bai koma aiki ba, bai taho ba, iska mai kyau tana wucewa. Shirunka shi yake ci, ba ni ba.

Shafi'i

Makoda, 2 ga Agusta

Shafi'i,

Lafiya lau. Gero ya fara kai, gyaɗa ta rufe ƙasa.

Ba shiru na yi ba. Sabiru ne ya karanta takardarka ta 22 ga Yuni kafin ya buga, ya ga abin da ka rubuta a kan ubanka Ado, sai ya sa ta a ƙarƙashin kwalin magani. Ya ce kunya ta hana shi miƙo min, yana kuma tsoron hawan jinina. Sai da ta Yuli ta zo ya haɗa ya kawo. Duk makonnin nan ni ma zaune nake ina cewa kun raina ni har ba ku ga damar amsawa ba. Jumma kullum in ta ji ƙarar mota a titi sai ta leƙa.

Maganar ubanka zan amsa ta, amma ba yau ba, kuma ba don ka tsare ni ba.

Teku ban san shi ba, ka faɗi daidai. Igiya kuwa na san ta tun kafin a yi wa uwarka baiko. Ba na yanke hukunci a kan abin da hannuna bai taɓa ba. Ka aiko min da sandunan nan biyu, mai biyar ɗin, da ainihin wadda ɗana ya faɗi da ita. Ita nake so, ba irinta ba. Ka ba direban da ke zuwa Kano ya kai gidan Hafsatu a Rijiyar Zaki, mijinta zai sako su a motar kasuwa. Idan ba ku da abin ɓoyewa, aikin kwana uku ne.

Sammani

Legas, 6 ga Agusta

Baffa,

Ina gaisuwa, Uwais ma yana gaisuwa, ya yi murna da jin labarin gero.

Na ba direba jiya. Wadda Uwais ya faɗi da ita dama an jefar da ita a ɗakin ajiya tun ranar, ba wanda ya sake taɓa ta. Mai biyar ɗin tsohuwa ce, mai makarantar ta ce a ba ka aro. Ta yi dariya da ta ji inda za su. Ga su nan, ka ƙirga igiyoyin da kyau, ka kira Hashimu ya taya ka. In ka gama, a dawo da mai biyar, ba tawa ba ce.

Shafi'i

Makoda, 17 ga Agusta

Shafi'i,

Muna lafiya. Sa'ida ta yi nauyi, an mayar da ita gidansu.

Kayanka sun iso. Ban ƙirga komai ba. Abin da na yi ke nan, ka karanta a hankali.

Na fara da igiyoyin. Sirara ne kamar zaren ɗinkin buhu, na raina su. Na rataya buhun gero biyu a jikin guda ɗaya a reshen tsamiyar ƙofar gida, ta kwana ba ta ko miƙe ba. A nan ka fi ni gaskiya, ba yawansu ba ne. Ta biyar ɗin kuma na shimfiɗa su a fili na ja na saki, sau uku tana hawa kan 'yan'uwanta. Mu ma a rijiya ba ma son igiyar da ba ta ɗauke da komai tana lilo, ita ke harɗe mutum. Wannan ma na ba ka.

Sai na zo kan jar sakatar da ka ce ita ke raba mutum da lema. A hannu haka kawai duk biyun suna motsi. Amma ɗana ba haka kawai ya tura ta ba, ana jan sa ne. Don haka na ɗaure ƙasan sandar a gindin tsamiya, na haɗa saman da igiyar guga zuwa karkiyar shanun Hashimu. Ya kora su har igiya ta yi tsam, na tura sakata. Ta mai biyar ɗin tafi ɗaya ta buɗe, shanu suka yi gaba. Ta ɗana na tura da hannu ɗaya, ta ƙi. Na sa biyu, ta ƙi. Hashimu ya ce, "Malam, ko ba nan ake turawa ba?" Na ce nan ne. Sai da na sa ƙotar fartanya na doka sannan ta saki.

Na kwance ta a kan faranti. Cikinta gishiri ne ya daskare da yashi, ƙarfen ya yi tsatsa. Wannan ba dattin kwana ɗaya ba ne. Na wanke da ruwan ɗumi, na goge, na mayar, muka sake ɗaura shanu. Da yatsa biyu ta buɗe.

Takarda huɗu ka rubuto min, ka cika ni da huɗu da biyar. Ba inda ka ce ko Uwais ya tura sakatar nan ranar. Kana wurin, ka gani. Wa ke da alhakin wanke ta?

Yanzu maganar Ado. Ƙa'idarmu, kafin mutum ya shiga tsohuwar rijiya ana sauke fitila, in ta mutu to iskar ciki ta ɓaci. Ranar mai rijiyar yana ta azalzalarmu, hadari ya haɗo. Ni ne babba, ni ya kamata in sauke. Na ce ai jiya mun shiga lafiya. Ado ya sauka, bai kai ƙasa ba na ji igiya ta yi nauyin da ba na mai rai ba. Na jawo shi ni kaɗai. Abin da ya faru ke nan. A ranar, kafin a yi masa wanka, na durƙusa gaban uwarka na faɗa mata haka da bakina. Shekara biyu ba ta amsa gaisuwata ba. Ita ta ce kada a gaya maka, ni kuma da ka girma na fake da maganarta. Wannan laifina ne, ka riƙe shi yadda ka ga dama.

Ka gaya wa Uwais ya ɗauki mai huɗu. Ban ce na yarda da sana'ar ba, cewa na yi in zai shiga, da ita zai shiga. Sharaɗina ɗaya, kada hannun kowa ya taɓa sakatarsa sai nasa.

Abin da na gani a kan farantin nan ban gaya wa Jumma ba, ban gaya wa ɗana ba. Kai za ka gaya masa. Na ba ka zuwa Juma'a ta sama. In ta wuce, zan sa Hafsatu ta kira shi ta karanta masa wannan takardar daga farko har ƙarshe.

Sammani

Legas, 9 ga Satumba

Baffa,

Ina gaisuwa. Mun ji Sa'ida ta sauka lafiya, Allah ya raya yarinya. A gaida Inna.

Ni ke da alhakin wanke sandunan da gwada su kowace safiya. Tun da baƙi suka yi yawa a watan Mayu na koma ɗauraye igiyoyi kawai ina ratayewa. Ranar Asabar ɗin Uwais ya tambaye ni, "Yaya, an duba?" Ina ɗaura wa wani baƙo ɗamara, na ce an duba. Da lemar ta fara jan sa ina kallo daga gaɓa. Sau biyu na ga ya tura sakatar. Shi ya sa na riga kowa shiga ruwa, na san abin da ya faru tun kafin in isa.

Da ya farfaɗo bai tuna komai ba daga faɗuwar lemar. Ya ɗauka ruɗewa ya yi ya manta da sakata, har yana jin kunyar kansa, yana cewa shekara biyu yana koya wa mutane abin da shi ya kasa yi. Na bar shi a haka wata biyu da rabi. Duk wanda ya zo duba shi sai ya nuna ni ya ce ga wanda ya cece shi. Da na aiko maka da sandar, na ɗauka igiyoyin kawai za ka ƙirga.

Na gaya masa ranar Alhamis, saura kwana ɗaya wa'adinka ya cika, bayan mun idar da la'asar. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Wato na tura?" Na ce ka tura, sau biyu. Ya daɗe yana kallon hannunsa. Sannan ya naɗe tabarmarsa ya koma ɗakin masu gadi. Na je na gaya wa mai makarantar ita ma. Ta karɓe makullin ɗakin kaya daga hannuna, ta ce in gode Allah da ta bar ni a bakin aiki.

Abin da ka rubuta a kan babana na karanta. Ban san me zan ce maka ba tukuna. Ban yafe ba, ban kuma iya zaginka a raina kamar da ba. Ka bar ni da shi.

Sabuwar sandar ta iso, mai huɗu. Ranar Litinin ya koma ruwa, kafaɗar ta riƙe, ya yi awa ɗaya ya fito. Zai taho suna, ya ce zai tsaya har a cire gyaɗa sannan ya dawo. Mai biyar ɗin ka ba shi ya taho da ita. Ni ba zan biyo shi ba, kamar yadda ka ce.

Yau kwana goma sha shida bai yi min magana ba. Kowace safiya yakan zo daidai inda nake tsaye, ya maƙala sandarsa a turke, ya ja da dukkan nauyinsa, ya tura sakatar ta buɗe, ya mayar. Sau uku yake yi, ba ya kallona. Ni kuma ina tsayawa har ya gama.

Shafi'i